Taliyar Jibo da Shaidar Malam Iro

Ku da kuka riski Malam Iro a ƙarshen rayuwarsa, kun san shi da sanda da dogon carbi da yi wa mutane gyaran sahu a masallaci ko da sahun a miƙe yake. Ni na san shi tun yana yawo da asabari a hammata. Asabarin nan dai da ake ratayawa a ƙofar ɗaki, shi yake naɗewa ya ɗaure da tsumma, ya saƙale a hammatar hagu, ya fito bayan azahar da rawani da babbar riga, yana tafiya a natse kamar wanda aka kira rabon gado. Baƙo in ya gan shi sai ya ɗauka talla yake. Wani Bakatsine ya taɓa tsayar da shi ya taya asabarin. Malam ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Bawan Allah, gidana kake tayawa a tsakiyar hanya?" Mutumin ya ba da haƙuri ya wuce, har ya bar garin bai san laifin da ya yi ba.

Ni ne Garba tela, ɗan Audu. Malam Iro aminin mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa. Ɗan gidan malamai ne na cikin Birni, ya fito Tudun Wada tun unguwar tana sabuwa, bayan ya yi jayayya da yayyensa a kan wata mas'ala ta alwala wadda har ya rasu bai yarda an kayar da shi ba. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da fatauci. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne, shaidarsa. In za a ɗaura aure, ko a sayar da gona, ko a kafa iyaka tsakanin maƙwabta, sai an kira Malam Iro ya tsaya ya gani, domin maganarsa ba ta faɗuwa a gaban alƙali.

A wancan zamani kuwa, mutumin da ake karɓar shaidarsa ba ya cin abinci a kasuwa ko a bakin hanya. Ba haramun ba ne, amma zubar da kamala ne, kuma abokin shari'a yana iya tsayawa a kan wannan kaɗai ya sa a ƙi sauraronka. Ku riƙe wannan, domin rijiyar da ke tsakar gidana, wadda jikokina ke sha har yau, a kan shaidar Baba Iro ta tsaya, shaidar tasa kuwa saura ƙiris kwanon taliya ya cinye ta.

Mai taliyar Bature ne, amma ba irin Turawan da muka sani ba. Mutumin Italiya ne, magini, ya zo tare da masu aikin gadojin hanyar jirgi. Ya faɗo daga kan gini ya karye a cinya, ƙafar ta ɗoru a karkace, abokan aikinsa suka yi gaba suka bar shi. Turawan mulki ba su sa shi a sahunsu ba. Ba shi da doki, ba shi da kuku, ba mai cire masa hula. Mu a lokacin ba mu san Bature yana talauci ba, sai ranar da ya kawo mini wandonsa in sa masa faci a kan faci. Sunansa ya gagari bakinmu, muka gutsure shi ya koma Jibo, shi ma ya amsa. Hausarsa a bakin leburori ya koye ta, saboda haka ba gaisuwa a cikinta, ba ladabi. Mai unguwa ma "kai" yake ce masa.

Ya kafa rumfa a ƙarshen unguwa, bakin hanyar da ta nufi tasha. Zana ce ta kewaye gefe biyu, sai benci na ragowar katakon gini, sai murhu da babbar tukunya. Da sassafe zai kwaɓa garin alkama da ƙwan zabi, ya murza shi da kwalba a kan tebur har ya yi fale-fale, ya yanka shi sirara ya shanya a igiya kamar wanki. Miyarsa ta tumatir ce da albasa da tafarnuwa da ɗan nama. In ya zuba maka, sai ya ɗauko cukun da yake saya a hannun Buzaye ya goga a jikin wani gwangwani da ya huhhuda da ƙusa, ya barbaɗa a kai. Ba mu ne muka fara jin sunan taliya ba, Larabawan Kano suna yin ta, amma abincin masu hali ce, talaka sai dai labari. Jibo ya sauko da ita kwabo ɗaya. Ma'aikatan jirgi, magina, masinjoji, mu teloli, duk can muke yada zango da rana.

Doka ɗaya yake da ita, ba ya sayar wa mai tafiya da ita gida. Ya ce daga tukunya sai baki, in ta huce ta mutu. An aiko daga manyan gidaje da akushi, ya mayar da akushin wayam.

Baba Iro hana mu ya je yi. Ya ji labari Musulmi suna tururuwa wurin girkin Nasara, ya ɗauki sandarsa. Ina zaune da kwanona ya iso, na yi maza na tura kwanon ƙarƙashin benci.

Ya tsaya a kan tukunyar ya ce, "Naman nan wa ya yanka?"

Jibo bai ko ɗago ba. "Tanko mahauci. Maƙwabcinka."

"Man fa?"

"Gyaɗa."

"An ce ku ba ku dafa komai sai kun zuba giya."

"Kai, tsoho, in ina da kuɗin giya zan zauna nan ina hura wuta?"

Malam ya haɗiye wannan "kai" ɗin da ƙyar. Ya ɗauki wani ganye a kan tebur ya sansana. "Ɗoɗɗoya? Abin da muke turara wa sauro shi kake zuba wa bayin Allah a miya?"

Jibo ya ce, "Ka ga sauro a rumfata?"

Malam ya kalli tururi yana tashi. Can ya ce hukunci ba ya yiwuwa a kan abin da ba a ɗanɗana ba. Jibo ya kai shi bayan rumfa wurin itace, inda ba mai gani, ya miƙa masa kwano da cokali mai yatsu. Malam ya juya cokalin, ya ƙirga yatsunsa, ya mayar. "Naka huɗu ne. Wanda Allah ya ba ni biyar ne, kuma na san bakin wanda ya shiga jiya." Ya wanke hannu ya yi bisimilla. Muna jin sa daga inda muke. Da ya fito yana share gemu, muka miƙe muna jiran hukunci.

Wani magini ya ce, "Allah ya gafarta Malam, halal ko haram?"

Ya ce, "Mas'alar tana da zurfi. Sai na sake dubawa."

Damina guda ya yi yana dubawa. Kullum bayan azahar yana bayan rumfa yana bincike, kuma mai bincike ba ya biya. Ranar da Jibo ya gaji, ya tare shi da ludayi a hannu ya ce, "Tsoho, yau ko hukunci ko kwabo." Malam ya daɗe yana laluben aljihu kamar mai ciro ƙaya. Ya ajiye kwabon ya ce, "Taliyar halal ce. Kwabon nan da kake karɓa a hannun malami ne nake da shakka a kansa."

Daga ranar matsala ta taso. Mai bincike yana iya ɓuya bayan rumfa, amma mai saye ya zama mai cin abinci a bakin hanya. Ya roƙi Jibo ya riƙa aika masa gida, Jibo ya ce ko Sarki ne sai ya zo ya zauna. Ya sa matarsa Inna Ladi ta gwada. Baiwar Allah ta yini tana fama da garin alkama, abin da ya fito ba tuwo ba, ba ɗanwake ba. Malam ya kai loma ɗaya ya ce, "Ladi, Allah ya yi miki albarka. Ki koma kan miyar kukarki, can kika fi ƙarfi." Kwana ya yi yana juya littattafai, da safe ya tsinke asabarin ƙofar ɗakinsa.

Ga yadda yake yi. Zai shiga kusurwar rumfa inda zana ta haɗu da zana, ya ɗaura asabarin daga wannan dirka zuwa waccan, ya shige ya zauna a kan buzu. Ya ce duk wurin da ke da shamaki da ƙofa, kuma sai an yi sallama kafin a shiga, ɗaki ne, mai ci a ɗakinsa kuwa bai ci a kasuwa ba. Jibo ya riƙa tura masa kwano ta ƙarƙashi. Abin da muke gani kawai ƙafafunsa ne da takalmansa a ajiye a ƙofa, a jere tsaf.

Akwai wani masinja, Bawa, shaƙiyyi ne na ƙarshe. Shi ya gano inda dabarar take da rami. Wata rana ya je gaban asabarin ya gyara murya ya yi sallama irin ta baƙo. Malam ya amsa. Bawa ya ɗaga ya leƙa, ya tarar da mai gida a kan abinci. To, tunda ɗaki ne, kuma baƙo ya iske ka kana ci, ai ba ka da zaɓi. Malam ya ce, "Bisimilla," a hankali, irin wadda ake fatan ba a ji ba. Bawa ya ji sarai. Ya wanke hannu ya tashi da rabin kwano, ya yi godiya, ya tambayi lafiyar iyali.

Washegari mutum uku ne a layi a gaban asabari, kowa da hannu a wanke. Na farko ya yi sallama.

Daga ciki muka ji, "Wa alaikumus salam. Jiya zaure ne. Yau cikin gida ne, ba a shiga."

Bawa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, iyali ne a ciki?"

"Akwai abin da nake kishi a ciki. Ku jira a waje."

Haka aka yi ta tafiya shekaru, kowa ya san inda Malam yake bayan azahar, kowa kuma ya yi kamar bai sani ba. Har Allah ya yi wa mahaifina rasuwa.

Mahaifina da hannunsa ya haƙa rijiyarmu, lokacin ba katanga tsakaninmu da filin da ke kusa, sai ɗan shingen kara. Daga baya wani dillalin gyaɗa, Mamman Ɗan Kano, ya sayi filin. Ana gama zaman makoki ya ce iyakarsa ta ratsa ta gaban rijiyar, zai ja katanga ya mayar da ita cikin gidansa. Ina da tsohuwa a gida, ina da mata da goyo, ga shi abin da mahaifina ya bar mini ke nan da guminsa a jiki. Na kai ƙara. Alƙali ya ce in kawo shaidu biyu da suka ga kafa iyakar. Mutum biyu suka rage a duniya, ladanin masallacinmu da Baba Iro. Hankalina kwance na tafi, wa zai ja da Malam Iro?

An saurari ladan, ba wanda ya soki shaidarsa. Ana kiran Malam sai Mamman ya matso ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ina da suka a kan wannan shaida. Mai cin abinci ne a bakin hanya, a rumfar Bature, cikin leburori. Garin nan kaf an sani."

Alƙalin dattijo ne, a zaure ɗaya suka yi karatu da Baba Iro a cikin Birni, ya san halinsa tun suna samari. Ya ce, "Malam Iro, ka ji abin da aka faɗa."

"Na ji, Allah ya gafarta Malam. Ban taɓa ci a bakin hanya ba. A ɗakina nake ci."

"Ɗakin naka yana ina?"

Ashe ya zo da shi. Ya kwance tsumma, ya warware asabarin a gaban alƙali ya riƙe shi da hannu biyu. "Ga shi."

"Ɗakin da ake naɗewa a sa a hammata?"

"Fulanin daji ma naɗe nasu suke yi su ɗora wa sa. Ban ji an ƙi shaidar Bafulatani don wannan ba."

Na ga alamar hujjar ta shige alƙali. Ya juya wurin Mamman. "In yana ciki ana ganin sa?"

"Ana ganin ƙafafunsa, Allah ya gafarta Malam. Kuma in ya ja taliyar nan, ana jin zuƙarsa daga wancan gefen hanya. Jakina ya taɓa tsayawa."

Wurin ya kaure da dariya. Alƙali ya ja amawali ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi. Ni kaɗai ne ban dara ba. Da aka natsa ya ce, "Malam Iro, asabari ƙofa ne, ba ɗaki ba. Wanda ake jin cinsa daga hanya, a hanya ya ci. A yadda kake yau ba zan saurare ka ba. Amma in ka zo gobe ka yi alkawari a gabana ka bar cin abinci a wurin nan, bari na har abada, zan karɓi shaidarka. In ba za ka iya ba, shaida ɗaya ba ta isa, Garba sai ya yi haƙuri da rijiya."

Baba Iro ya ce, "Har abadan nan, ta duniya ce ko har da lahira?"

Alƙali ya ce, "Ta duniya ta ishe ni."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya naɗe asabarinsa ya fita. Na bi shi a baya ina ta magana, bai ko waiwayo ba. Na san taurin kansa. Mutumin da ya bar gidan ubansa a kan mas'alar alwala, yau an kayar da shi a bainar jama'a an yi masa dariya. Na ce a raina shi ke nan, ba zai koma gaban alƙalin nan ba ko za a yanka shi.

Kai tsaye rumfar Jibo ya nufa. Ya cilla asabarin kan itacen murhu ya ce, "Jibo, ga makamashi." Sannan ya zo bencin gaba, wanda ke fuskantar hanya, ya ce wa wasu leburori biyu su matsa. Suka miƙe za su ba shi wuri, ya ce su zauna. Ya naɗe hannun riga, ya sassauta rawani, ya ce a zubo. Ya cinye kwano na farko ido a hanya, yana amsa gaisuwar masu wucewa da baki cike. Ya ce a ƙaro.

Yana kan na biyu sai ga Mamman Ɗan Kano da jakuna ɗauke da tubali, har ya fara jigilar kayan katanga. Ya tsaya ya washe baki ya ce, "Malam, a ci lafiya." Malam ya ɗaga masa hannu duk miya. Ni kuwa idona ya cika da ƙwalla, ba na ɓoye muku. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, rijiyar fa?"

Ya ce, "Zauna, kai za ka biya."

"Baba, kowa yana kallon ka."

Ya suɗe yatsa ya dube ni. "Garba, kai ba ka saurara in ana shari'a. Alƙali cewa ya yi gobe. Yau kuwa da bakinsa ya ce ba ni da kamala. Abin da ba ka da shi ai ba ya zubewa. Bar ni in ci sau ɗaya kamar mutane." Ya ɗaga murya. "Jibo, na uku. Ka saki hannu da cukun nan, ba za ka sake gani na a bencin nan ba."

Sai a lokacin Jibo ya gane abin da ake ciki. Da na yi masa bayani ya buga ludayi da ƙasa, ya yi ta zuba wasu maganganu da harshensu yana nuna hanyar gidan alƙali, mun gode Allah ba wanda ya fahimta. Ya goge cukun nan gaba ɗaya a kan kwanon, har taliyar ta ɓace. Da na ciro kuɗi ya ture hannuna. Baba Iro yana gani. Ya miƙo tafinsa ya ce, "Tunda ya yafe, ni ya yafe wa. Kawo."

Washegari Baba ya riga ni isa gaban alƙali. Ya yi alkawarinsa a tsaye, murya ba rawa, sannan ya faɗi abin da ya gani, cewa iyakar tana bayan rijiya, kuma shi ya yi addu'a a kan gugan farko da mahaifina ya jawo. Alƙali ya ba ni rijiyata. Mamman ya rasa yadda zai yi da tubalinsa, ya sallamar mini da araha, da su na ja katangar a inda ya kamata. Na bar masa 'yar ƙofa iyalinsa suna ɗiba, muka zauna lafiya har ya koma garinsu.

Alkawarin kuwa Baba bai taɓa karya shi ba. Hanyar tasha ma ya daina bi, in zai je can sai ya zaga ta wajen Gyallesu, ya ce wai ƙafarsa tana son motsi. Wanda ya karya doka Jibo ne. Wata Juma'a bayan an sauko, sai ga shi yana ɗingishi da tukunya a ka da itace a hammata, ya kafa murhu a ƙofar zauren Malam, ya dafa a nan ya zuba masa da zafinta. Yana yi yana mita, wai bai taɓa ganin tsoho mai wahalar da mutane irin wannan ba. Daga nan kowace Juma'a haka, ni ma ina samun nawa kwanon albarkacin maƙwabtaka.

Wata rana bayan Jibo ya tafi, na ga Baba ya bar saura a kwano, abin da ban taɓa gani ba. Na ce, "Baba, ko hannunsa ya sauya ne?"

Ya ce, "Hannunsa yana nan. Taliyar ma ita ce." Ya ture kwanon gefe. "Garba, tun ina yaro, duk inda na shiga sai mutane su gyara zama su bar maganar da suke yi, su shiga tambayata hukuncin ƙabli da ba'adi. A bayan asabarin can kuwa mantawa suke yi da ni. Ina ci ina jin magina suna zagin shugabansu, ina jin Bawa yana ƙarya a kan 'yan matan Sabon Gari, ina jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda akuyarsa ta ɓata. A can na san mutanen unguwar nan. A nan kuwa daga ni sai kaji."

Abin ya taɓa ni ƙwarai. Na ce da na san haka ne da na bar wa Mamman rijiyar. Ya harare ni ya ce in na sake faɗin wannan zai je ya janye shaidarsa, in ya so mu yi asara mu duka biyu.

Amma bai bar ni na ci bulus ba. Akwai rijiya a gidansa, mai kyau ma, sai dai tun daga shari'ar nan kullum da sassafe zai ƙwanƙwasa ƙofata da buta a hannu. Ya jawo ruwa da kansa, ya cika buta, ya kamfata a hannu ya kurɓa, ya tsaya yana juya shi a baki. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, taka ta ƙafe ne?"

Ya ce, "Tawa a banza na same ta. Wannan kuwa da tsada na saye ta, dole in sha kayana."

In an yi ruwa ta ɗan gurɓace, ni zai yi wa faɗa. In guga ya tsufa, sai na ji daga bakin liman. 'Ya'yana suka tashi suna ce mata rijiyar Baba, har ƙaramar ta taɓa tambayata ko mu aro muke yi.

Shekaru muka yi a haka. Ranar da gari ya waye ban ji ƙwanƙwasa ba, ban tsaya jiran ɗan aike ba, na sa hula na nufi gidansa. Inna Ladi ta ce ya yi sallar asuba, ya ɗauki buta, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya fita. Butar tana hannunsa.

Da aka zo maganar ruwan wanka, na ce daga gidana za a ɗebo, ba wanda ya yi musu. Na koma in jawo, na tarar an riga ni. Jibo ne a bakin rijiyar, ya tsufa shi ma, ya tokare da ƙafarsa mai lafiya yana jan guga. Samari suka zo za su karɓa, ya daka musu tsawa da Hausarsa ta leburori. Wasu suka fara gunaguni, liman ya ce a bar shi, jan ruwa ba wanka ba ne. Shi ya cika tulunan duka. Da muka tsaya yi wa Baba salla, yana can gefen hanya shi kaɗai, hularsa a hannu. Ranar bai hura wuta ba.

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya bar mana ruwan sanyi a tsakar gida. Jibo kuma, Allah ya fi mu sanin abin da ke tsakaninsa da bawansa. Ya Rabbi, dattijon nan ya cika alkawarinsa har ƙarshe, ka zaunar da shi a tsakiyar jama'a, ya ci abin da ransa ke so yana jin hirarsu, ba mai sukarsa. Amin.